Mai Riƙe Bakin Yadi

Karatun yau: 1 Korintiyawa 12:12-27, Zabura 139:13-16, Yohanna 9:1-7

Muna miƙa gaisuwa ta musamman ga masu sauraronmu na birnin Duwala a ƙasar Kamaru, mazauna New Bell da kewaye, domin daga unguwarku za mu ɗauko misalinmu na yau. Kafin ka ci gaba, buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta wuraren nan uku a natse, sa'an nan ka dawo mu yi tunani tare.

A cikin shagon tela

Duk wanda ya san Duwala ya san Kasuwar Kongo, wadda mutanen gari suke kira Marshe Kongo. Kasuwar yadi ce. Atamfa, leshi, shadda, ga su nan jere, ga kuma ƙarar kekunan ɗinki daga lungu zuwa lungu. Unguwar New Bell ta kafu ne tun zamanin mulkin Jamus, sa'ad da suka ta da mutanen Duwala daga filayensu na bakin kogin Wuri. Sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda da wannan, suka rataye shi ran 8 ga Agusta 1914. Daga baya unguwar ta zama masaukin baƙi, Hausawa fatake, da Bamileke, da Basa, da sauran kabilu masu yawa, kowa ya zo neman abinci.

In Kirsimeti ta ƙarato, ko Sallah, ko ranar mata ta 8 ga Maris da ake yin anko, teloli ba su barci. Shiga shago ɗaya ka tsaya ka duba. Ga maigidan shago da abin awo rataye a wuya, alli a hannu, almakashi a kan tebur. Shi kowa ya sani, sunansa ake kira in riga ta yi kyau. Amma dubi ƙarshen teburin. Akwai wani yaro ɗan koyo yana riƙe da bakin yadin, yana jansa don ya miƙe. Ba wanda ya taɓa tambayar sunansa. Matar da za ta sa zanen ran Lahadi ba ta san da shi ba. Duk da haka in hannunsa ya saki, almakashi zai kauce wa layin alli, yadin da aka yanka kuwa ba ya komawa.

Ɗan'uwa, ka san akwai irin wannan shago a cikin jikinka? Yana nan yana aiki yanzu haka da kake karatun nan.

Shagon da ke cikin jiki

Jikin mutum babba yana da ƙwayoyin halitta wajen tiriliyan 30, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. A cikin ƙwayar halitta akwai rubutun gado wanda masana suke kira DNA. Rubutun nan yana da sassa, kowane sashi ana ce da shi ƙwayar gado, kuma wajen 20,000 daga cikinsu umarni ne na yadda za a haɗa furotin iri iri. Furotin shi ne kayan ginin jiki da ma'aikatansa. Naman jikinka, da gashinka, da abin da ke narkar da tuwo a cikinka, da abin da ke sa jininka ja, duka furotin ne.

To, umarni ba ya ɗinka kansa, sai da keke. Keken da ke haɗa furotin sunansa ribosom. Yana karanta kofin umarnin, yana zura ƙananan abubuwa iri 20 da ake kira amino asid ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake zura duwatsu a zare, har furotin ya cika. Wani masani ɗan ƙasar Romaniya mai aiki a Amurka, George Palade, shi ya bayyana waɗannan ƙananan kekuna a 1955. A 2009 aka ba mutum uku lambar yabo ta Nobel, wato Venkatraman Ramakrishnan, da Thomas Steitz, da Ada Yonath, saboda sun nuna siffar ribosom dalla-dalla. Ƙwayar halitta guda mai girma tana ɗauke da miliyoyin ribosom, tana kuma ƙera dubbai a minti ɗaya.

Ga abin mamaki. Shi wannan keken, sai an yanka an haɗa shi kamar riga kafin ya fara aiki. Ribosom na mutum yana da ɓangare biyu, babba da ƙarami. An yi shi da furotin wajen 80 da kuma zare 4 na wani abu ɗan'uwan DNA mai suna RNA. Uku daga cikin zaren nan ba a yin su dabam dabam. A wani ɗan ɗaki da ke tsakiyar ƙwayar halitta, ana fito da su a haɗe, dogo guda, kamar bandir ɗin yadi, tsawonsa haruffa wajen 13,000. Umarnin yin wannan bandir yana nan a maimaice ɗaruruwa a kan kuromosom biyar, na 13, da 14, da 15, da 21, da 22. Daga nan sai a shiga aikin yanka. Ana yanko ƙyalle uku masu amfani, masana suna kiransu 18S, da 5.8S, da 28S. In ka haɗa tsawonsu bai wuce haruffa 7,000 da 'yan kai ba. Sauran, kusan rabin bandir ke nan, ana warware shi a mai da zaren a sake amfani da shi. Ana kuma yi wa ƙyallayen nan ƙananan gyare-gyare wajen wuri 200, kamar yadda tela yake kalmasa baki ya sa maɓalli. Ma'aikata fiye da 200 suke taimakon wannan aiki, in sun gama sai su janye, ba a ganinsu a jikin ribosom ɗin da ya fito.

Yanzu bari in gabatar maka da mai riƙe bakin yadi. A kan kuromosom na 19 akwai wata ƙwayar gado da masana suka sa wa suna RPS19. Furotin ɗin da take umartar a yi ɗan ƙarami ne, amino asid 145 kaɗai, ɗaya ne daga cikin 33 da ke ƙaramin ɓangaren ribosom. Shi ba almakashi ba ne. Amma sai ya zauna a wurinsa a kan bandir ɗin nan tukuna almakashin zai iya yanke gefen 18S daidai. A 2007 masu bincike a Faransa, da Suwidin, da Amurka suka nuna cewa in ya yi ƙaranci, yankan yana tsayawa a hanya. Ƙyallen da ba a gama yankewa ba sai ya taru, ƙaramin ɓangaren ribosom ya kasa fitowa yadda ake bukata.

Sa'ad da hannu ɗaya ya saki

Me zai faru ga mutum in haka ta kasance? A 1938 likitocin yara biyu a birnin Boston na Amurka, Louis Diamond da Kenneth Blackfan, suka rubuta bayani a kan jarirai waɗanda ɓargonsu ba ya yin jajayen ƙwayoyin jini isassu. Har yau ana kiran ciwon da sunansu, ƙarancin jini na Diamond da Blackfan. Shekara 61 suka wuce kafin a gane tushensa. A 1999 masu bincike ƙarƙashin jagorancin masanan jami'ar Uppsala a Suwidin suka gano cewa a wajen waɗansu yaran, ƙwayar gadon RPS19 ce ta sami tangarɗa. Wannan ne karo na fari da aka danganta ciwon mutum da furotin na ribosom. Yanzu an san ƙwayoyin gado fiye da 20 da ke iya kawo ciwon, amma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu shi, daga RPS19 ne.

Kowane mutum yana da kofi biyu na wannan ƙwayar gado, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ɗaya kaɗai in ya lalace ya isa ya kawo ciwon, domin ɗayan ba ya iya ɗaukar aikin biyu. Me ya sa jini ne ya fi jin jiki? Ɓargonka yana fito da jajayen ƙwayoyin jini fiye da miliyan 2 a kowace daƙiƙa, domin kowace ɗaya kwana wajen 120 take yi ta mutu. Kowace kuma sai an cika ta da hemogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar numfashi zuwa gaɓoɓi. Shago ne da kullum yake cikin daren Sallah. Inda aiki ya fi yawa, nan rashin keke yake fara nunawa.

Ciwon ba shi da yawa, yara 5 zuwa 7 ne cikin miliyan ɗaya da aka haifa. Yakan bayyana tun yaro bai cika shekara ba. Jariri ya yi fari fat, ya kasa shan mama da ƙarfi, ya riƙa yawan barci. Wajen rabinsu ana haifarsu da wata alama a jiki, kamar babban yatsa mai wata siffa dabam, ko tsagar ganɗa, ko rashin tsawo. Likitoci suna taimakonsu da magani, ko da ƙarin jini a kai a kai tare da maganin rage ƙarfen da ke taruwa a jiki, waɗansu kuma da dashen ɓargo.

Hausawa suka ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Abu ɗaya cikin 80, wanda ba wanda ya san aikinsa shekaru da yawa, ashe da shi jinin jariri yake ja. Bari mu ga abin da Maganar Allah za ta koya mana a nan.

Na fari: ba gaɓar banza a jikin Kristi

Ikkilisiyar Korinti ta yi fama da girman kai. Masu baiwar da ake gani suna raina sauran, sauran kuma suna raina kansu. Sai manzo Bulus ya kawo musu misalin jiki. Ya nuna musu ido ba shi da ikon sallamar hannu, kai kuma ba shi da ikon sallamar ƙafa. Ya ƙara da cewa gaɓoɓin da muke ɗauka raunana, su ne ba a iya rayuwa in ba su. Bulus bai taɓa leƙa madubin likita ba, amma Mahaliccin da ya shirya jiki shi ne ya bi da alkalaminsa.

Wataƙila kai ne mai share majami'a ran Asabar da yamma, ka jera kujeru kafin kowa ya zo. Wataƙila ke ce mai zama da yara a baya don iyayensu su ji wa'azi, ko mai dafa kunu ki kai wa marar lafiya a asibiti. Ko kuwa tsufa ya zaunar da kai, abin da ya rage maka shi ne addu'a a kan tabarma. Ba a taɓa kiran sunanka a sanarwa ba. Har Shaiɗan ya fara raɗa maka cewa ko ka daina ba wanda zai lura. Ƙarya yake yi. Ranar da mai riƙe bakin yadi ya saki, ranar ake gane aikinsa.

Ka tuna da Dokas ta garin Yafa, a Ayyukan Manzanni sura 9. Ba a rubuta mana wa'azinta ko ɗaya ba. Ɗinki take yi wa matalauta. Da ta rasu, matan da mazansu suka mutu suka kewaye Bitrus suna kuka, suna nuna masa tufafin da ta ɗinka musu. Allah kuwa ya ga ya dace a tashe ta daga matattu. Allura da zare sun isa hidima a gaban Ubangiji.

Kai kuma da Allah ya sa a gaba, fasto, dattijo, shugabar zumuntar mata, mai bi da waƙa, yaushe rabonka da ka ce sannu ga waɗanda suke riƙe maka yadi? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku masu shago a kasuwa, yaron da ke koyon aiki a hannunku yana cin abinci a kan lokaci? Kuna koya masa sana'ar da gaske, ko aike kaɗai yake sha shekara da shekaru? Allah yana ganin bayan shago kamar yadda yake ganin gabansa.

Na biyu: kada ka nemi mai laifi inda Yesu bai nema ba

A Yohanna sura 9, almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho. Abin da ya fara zuwa bakinsu shi ne neman mai laifi, shi ne ko iyayensa. Yesu ya kawar da zargin daga kansu duka, ya juya hankalin almajiransa ga aikin da Allah zai yi a rayuwar mutumin, ya kuwa buɗe masa idanu.

Tambayar almajiran nan ba ta mutu ba, tana yawo a gidajenmu. In aka haifi yaro mai yawan ciwo, ko mai wata naƙasa, sai a fara raɗe-raɗi. Wani ya ce maita ce, a nuna wata tsohuwa da yatsa. Wani ya ce daga dangin uwar ne. Surukai su juya wa matar baya, wani mijin ma har ya kore ta, ga ta da ɗa marar lafiya a baya. Abin baƙin ciki, har a cikin masu bi ana samun wannan.

Ɗan'uwa, ji gaskiyar al'amari. A wajen yara da yawa masu ciwon Diamond da Blackfan, in aka gwada uwa da uba ba a samun tangarɗar a jikinsu. Sabuwa ce, ta faru ne a lokacin da ake kofe rubutun gado. Ba abin da uwar ta ci, ba abin da ta faɗa, ba wanda ya yi mata baki. Ciwon sikila kuwa, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba a Kamaru da Nijeriya da Nijar, harafi ɗaya ne ya sauya a ƙwayar gadon hemogulobin a kan kuromosom na 11, yaro kuma ba ya zama mai sikila sai ya gada daga uwa da uba duka biyu. In dukansu AS ne, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. To, ina dalilin ɗora wa mace ita kaɗai?

Dawuda a Zabura 139 ya kwatanta Allah da mai saƙa, wanda ya harhaɗa shi a ɓoye a cikin mahaifiyarsa, yana kuma ganinsa tun bai zama mutum ba. Wannan zabura ba ta masu ƙoshin lafiya kaɗai ba ce. Ta yaron da ake yi wa ƙarin jini kowane wata ce, da yarinyar da ƙasusuwanta ke ciwo in sanyi ya shigo. Muna zaune a duniyar da ke nishi tana jiran fansa, kamar yadda Romawa sura 8 ta koya mana, jikunanmu ma suna cikin wannan nishi. Amma darajar yaron ba ta ragu ko kaɗan ba. Cikin siffar Allah aka yi shi, saboda shi kuma Kristi ya mutu.

Ke uwa da kike kwana a zaune a bakin gadon asibiti, kina tambayar zuciyarki ko wani zunubinki ne ya jawo, ki ajiye wannan kaya yau. Yesu bai ɗora miki shi ba. Kai uba, tsaya kusa da matarka. In danginka suka fara magana, kai ne za ka rufe ƙofar.

Na uku: ka zama amsar addu'ar wani

Yesu bai tsaya ga bayani ba, ya yi aiki. Mu ma akwai abin da ke hannunmu.

In ka ga tafin hannun yaronka, ko cikin fatar idonsa, ko harshensa ya yi fari, yana haki, ba shi da kuzari, kada a tsaya jiƙe-jiƙe a gida. A kai shi asibiti a auna jininsa. A ƙasashenmu abin da ya fi kawo ƙarancin jini ga yara shi ne zazzaɓin cizon sauro, da rashin abinci mai gina jini, da tsutsar ciki, da sikila, kuma duka akwai taimakon da likita zai yi. Addu'a da zuwa asibiti ba kishiyoyi ba ne. Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne.

Ku samari da 'yan mata, ku gwada jininku ku san ko AA ne ko AS tun kafin magana ta yi nisa. Iyaye da shugabannin ikkilisiya, ku ƙarfafa su a kan wannan da ƙauna, ba tare da kunyata kowa ba.

Sa'an nan ga maganar ba da jini. Har yau ba masana'antar da take ƙera jinin da ake ƙara wa marasa lafiya a asibitocinmu, daga jikin wani yake fitowa. Babban mutum yana da jini wajen lita 5, abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, ɓargonka kuma zai mayar maka da shi cikin 'yan makonni. Allah ya ba ka shago mai aiki lafiya, kekunanka ba su taɓa tsayawa ba tun ranar da aka haife ka, ba ka kuwa biya ko sefa ɗaya ba. Ashe, ba za ka ɗiba wa wanda nasa shagon ya gaza ba? Ku na Duwala, ga asibitin Laquintinie nan kusa da ku. Ran 14 ga Yuni kowace shekara ita ce ranar masu ba da jini ta duniya, amma marar lafiya ba ya jiran Yuni. Ƙungiyar matasa, ko zumuntar maza, za su iya sa rana su tafi tare. Kada kuma ka tambayi wanda za a ba. Jinin da ka bayar yana iya shiga jikin ɗan maƙwabcinka Musulmi da kuke gaisawa kowace safiya a bakin kasuwa, ko baƙon da ba za ka taɓa gani ba. Basamariyen nan na Luka sura 10 bai tambayi kabilar mutumin da ya tarar a hanya ba.

Mu masu bi mun fi kowa sanin tamanin jini. Muna da rai ne domin Ɗan Allah ya ba da nasa a kan gicciye, sa'ad da ba mu da abin biya. In har yanzu ba ka karɓi wannan kyauta ba, ɗan'uwa, yau ma ƙofa a buɗe take. Ka tuba, ka ba da gaskiya gare shi, zai gafarta maka ya ba ka wuri a cikin jikinsa, wurin da ba wanda zai cika sai kai.

Tambayoyi domin tunani

1. Wane aiki Allah ya ba ka wanda ka fara rainawa ko ka saki?
2. Wa yake yi maka hidima a ɓoye wanda ya kamata ka gode masa a makon nan?
3. Akwai iyali mai yaro marar lafiya da ka taɓa zarga a zuciyarka ko da bakinka? Me za ka yi don ka gyara?

Addu'a

Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka domin ka yi mu da hikimar da ta fi ƙarfin ganewarmu. Kana lura da abin da ido ba ya gani a cikin jikunanmu, kana kuma lura da bayinka waɗanda ba wanda ya san sunansu. Ka gafarta mana girman kai da raina juna. Ka gafarta mana inda muka zargi marasa laifi. Ka taɓa yaran da ke fama da ciwon jini, ka ƙarfafa iyayensu, ka ba likitoci da masu jinya hikima. Ka sa albarka ga teloli da 'yan kasuwa da yaran da ke koyon sana'a a New Bell. Ka ba mu zuciyar bayarwa, ka kuma riƙe hannuwanmu kada su saki aikin da ka danƙa mana. Mun roƙa cikin sunan Yesu Kristi Mai Cetonmu. Amin.